Yadda Injin Bincike Ke Zaɓen Shafi: Fashin Baƙi Ga Mai Fara Koyon SEO

Duk wanda ya taɓa buɗe gidan yanar gizo ya san wannan damuwar. Ka zauna ka rubuta abu mai amfani, ka wallafa, mako ya wuce, wata ya wuce, babu mai leƙowa sai waɗanda ka tura wa adireshin da hannunka. Alhali a daidai wannan lokacin akwai mutanen da ke yi wa Google tambayar da shafinka ya amsa, ana kuma nuna musu shafukan wasu. Fannin da ake kira SEO a taƙaice a kan wannan giɓin ya tsaya: yadda za ka tsara gidanka da rubutunka har injin bincike ya gano su, ya fahimci abin da ke ciki, ya miƙa su ga mai nema ba tare da ka biya kuɗin talla ba.

Abin da ke damuna da yadda ake koyar da sababbin shiga shi ne ana fara musu da dabaru. A ce ka maimaita kalma sau kaza, rubutu ya kai tsawon kaza, ka sayi manhaja kaza. Mai koyo ya haddace dokoki rututu bai san dalilin ko ɗaya ba, ranar da Google ya sauya tsari kuma sai ya rasa inda zai dafa. A ganina farkon karatun shi ne sanin yadda injin yake aiki da abin da yake ƙoƙarin cimmawa. Wanda ya riƙe wannan zai iya auna duk shawarar da aka ba shi da kansa, ya ware ta gaskiya daga ta bogi.

Zan fi ambaton Google saboda kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a duniya ta hannunsa yake bi. Akwai Bing na kamfanin Microsoft, akwai Baidu a Sin, Yandex a Rasha, Naver a Koriya ta Kudu, kuma tushen aikinsu kusan ɗaya ne.

Abin da ke faruwa kafin kowa ya yi tambaya

Lokacin da ka rubuta tambaya ka danna, Google ba fita yake yi ya zagaya intanet yana nemo maka amsa ba. Da haka yake yi, da ba za ka ga sakamako cikin ƙiftawar ido ba. Kundinsa yake dubawa, wanda ya tara tun kafin ka zo, kuma kamfanin ya ce kundin na ɗauke da ɗaruruwan biliyoyin shafuka. Kamar babban ɗakin karatu ne: littafin da ba a kawo ba, ko aka kawo amma ba a shigar da shi rajista ba, ma'aikacin ɗakin ba zai taɓa miƙa wa mai nema shi ba, komai kyansa.

Matakai uku shafi ke bi kafin ya isa gaban mai karatu. Na farko ganowa. Akwai manhaja mai suna Googlebot da ke yawo dare da rana, ta buɗe shafi, ta karanta, ta bi mahaɗan da ke cikinsa, wato linki, zuwa wasu shafukan. Shafin da babu mahaɗin da ke nuni gare shi, ko daga cikin gidanka ko daga waje, da wuya ta san da zamansa. Na biyu shigarwa cikin kundi, inda injin ke tantance abin da shafin ke magana a kai, ko kwafin wani ne, ko ya cancanci a ajiye shi. Ba duk wanda aka gano ake ajiyewa ba, kuma Google bai yi wa kowa alkawarin ajiyewa ba. Na uku jerawa: mutum ya yi tambaya, injin ya zaro shafukan da suka dace daga kundi, ya yanke wanda zai sa a sama da wanda zai biyo baya.

Amfanin raba su uku shi ne idan shafinka bai fito ba, za ka san tambayar da za ka fara yi: a wane mataki ya maƙale? Mutane da dama na ta wahalar gyaran kalmomi a shafin da injin bai ma taɓa ajiyewa ba. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka rubuta site: a akwatin bincike, ka liƙa masa adireshin gidanka babu tazara. Idan babu abin da ya fito, matsalarka ta matakin farko ce ko na biyu, kuma ba lallai gyaran kalmomi ya warware ta ba.

A nan 'yan abubuwan fasaha suke shigowa, kuma ba su kai yadda ake tsorata mutane da su ba. Akwai ƙaramin fayil mai suna robots.txt, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Martijn Koster, ya kawo shawararsa a 1994. Da shi ake gaya wa manhajojin yawo sassan gidan da ba a so su shiga. Akwai kuma alama mai suna noindex da ake sakawa a cikin shafi, mai cewa kada a ajiye shi a kundi. Sababbin shiga kan ɗauka aikinsu ɗaya ne, alhali akwai bambanci mai muhimmanci. Idan ka hana Googlebot buɗe shafi ta robots.txt, ba za ta ga alamar noindex da ke cikinsa ba, kuma adireshin zai iya fitowa a sakamako idan wasu sun yi nuni gare shi. Masu amfani da WordPress, wata manhajar gina gidan yanar gizo, su ma su duba saitin karatu: akwai wani ɗan akwati da ke roƙon injinan bincike su ƙyale gidan. Akan danna shi lokacin da ake gini, a manta a cire, gida ya shafe watanni a ɓoye mai shi bai sani ba.

Sai taswirar gida, fayil mai lissafa adireshin shafukanka, wanda Google ya fara karɓa a 2005. Kowane fayil ɗaya na iya ɗaukar adireshi har 50,000, kuma yawancin manhajojin gina gida suna samar da shi da kansu. Idan ka sauya wa shafi adireshi, ka sa tsohon ya riƙa tura mutane sabon ta umarnin da ake kira 301, domin kada mahaɗan da wasu suka yi maka su ƙare a kan saƙon 404, mai nufin babu shafin. Iyakar abin da ƙaramin gida ke buƙata a farko ke nan.

Me ya sa dabaru suke mutuwa

Wanda ya san tarihin wannan fannin ba a saurin yaudararsa. Injinan farko na shekarun 1990, irin su AltaVista da ya fito a 1995, sun dogara sosai da kalmomin da ke cikin shafi. Masu gidaje suka gane, suka shiga cusa kalma ɗaya sau ɗaruruwa, wani lokaci da farin rubutu a kan farin bango yadda mutum ba zai gani ba amma injin zai ƙirga. Sakamakon bincike ya cika da shara.

A 1996 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aikin bincike da ya zama kamfanin Google a 1998. Tunaninsu ya samo asali daga yadda ake auna darajar takardun ilimi: takardar da masana da yawa suka kafa hujja da ita ta fi nauyi. Suka ɗauki mahaɗi a matsayin shaida. Shafin da wasu shafuka suka yi nuni gare shi yana da daraja, kuma shaidar shafi mai daraja ta fi ta wanda ba a sani ba nauyi. Wannan lissafin shi ne PageRank. Hikimarsa ita ce mai gida yana da iko da abin da ya rubuta a shafinsa, amma ba shi da iko da abin da wasu ke cewa game da shi.

Ba a daɗe ba mutane suka fara sayen shaidar. Aka buɗe gidaje da ba su da wani aiki sai sayar da mahaɗai, aka riƙa zuba adireshi a duk inda aka bar wa baƙi damar rubutu. A 2005 manyan injinan bincike suka fito da alamar nofollow, wadda mai gida zai sa wa mahaɗin da bai tsaya masa ba. A farkon 2006 Google ya cire gidan yanar gizon kamfanin motoci na BMW na ƙasar Jamus daga kundinsa na ɗan lokaci, saboda shafukan da aka cika da kalmomi domin injin, mutane kuma ana karkatar da su wani wuri. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo dubban mahaɗai daga gidajen da ba su da alaƙa da juna suna nuni ga babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, Google kuma ya rugurguza matsayinsa a jeri. A shekarar ce dai aka fito da sauyin da aka yi wa laƙabi da Panda, wanda ya daki gidajen da ke zubo dubban rubuce-rubuce marasa nauyi. A 2012 Penguin ya biyo baya, ya bi ta kan mahaɗan bogi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan fannin an sha ganin gidan da ya yi shekaru a sama ya wayi gari babu shi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma injin ya riƙa ƙara fahimtar harshe. Sauyin Hummingbird na 2013, da RankBrain na 2015, da BERT na 2019, duk sun matsar da shi daga ƙirga kalmomi zuwa gane abin da jimla ke nufi. Shi ya sa yau shafi kan fito a kan tambayar da babu kalmominta daidai a cikinsa. Shi ya sa kuma duk wanda ya ce ka cika wani ɓoyayyen gurbi na cikin shafi, mai suna meta keywords, da ake jera kalmomin nema a ciki, tsohon karatu yake ba ka. Tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya duba wannan gurbin wajen jerawa.

Idan ka dubi sauye-sauyen nan gaba ɗaya, alƙiblarsu ɗaya ce. Injin na son ya ba mai tambaya abin da zai gamsar da shi, domin idan bai gamsu ba zai koma wani wuri, kuɗin tallan da kamfanin ke rayuwa a kai kuma ya bi shi. Kowace dabara tana cin moriyar tazarar da ke tsakanin abin da injin ke iya aunawa da abin da mutum ke so, kowane sauyi kuma rage wannan tazarar yake yi.

Me mai tambayar yake nema?

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata mai koyo ya fi daɗewa.

Ɗauki mutum uku. Na farko ya rubuta "me ya sa batirin wayata ke saurin ƙarewa". Na biyu ya rubuta "wayar da ta fi riƙe caji". Na uku ya rubuta sunan wata waya haɗe da "sabon batir". Duk a kan batir suke magana, amma buƙatunsu sun sha bamban. Na farko bayani yake so da matakan da zai bi yanzu: ya duba hasken fuskar waya, ya duba manhajojin da ke aiki a bayan fage, ya gane ko batirin ne ya tsufa. Na biyu yana shirin saye, kwatanci yake so tsakanin wayoyi. Na uku ya gama shawara, wurin saye kawai yake nema. Idan ka tari na farko da shafin tallan kaya, zai juya nan take. Idan ka tari na uku da dogon sharhi kan yadda sinadarin litiyam ke aiki, shi ma haka.

Ta yaya za ka san abin da masu wata tambaya ke so? Ka yi tambayar da kanka, ka zauna ka karanta shafin sakamakon a tsanake. Google ya riga ya ga yadda ɗimbin mutane suka yi da wannan tambayar, abin da ya sa a sama kuma alama ce ta abin da ya ga yana gamsar da su. Idan bidiyo ne suka cika saman, mutane gani suke so. Idan duk shafukan kantuna ne, sharhinka ba zai kutsa ba komai tsawonsa. Ka buɗe na farkon guda biyar ko shida, ka karanta su kamar kai ne mai matsalar. Me suka amsa da kyau? Ina suka bar ka da sauran tambaya? Wane bayani ne ya tsufa? Wannan karatun ya fi duk wata manhajar da za a sayar maka amfani, kuma abin mamaki shi ne mutane da yawa na tsallake shi.

Game da gano kalmomin da mutane ke amfani da su, kayan aikin farko kyauta ne. Ka fara rubuta tambaya, ka ga yadda akwatin bincike ke ƙarasa maka ita. Ka duba tambayoyin da ake jerawa a tsakiyar sakamako da na ƙasan shafi. Google Trends na nuna ko sha'awar wani batu hawa take yi ko sauka, da lokutan shekarar da take tashi. Sannan ka saurari mutanen da kake rubuta wa. Ƙwararre kan kira abu da sunansa na fasaha, mai matsala kuwa da alamar da ya gani yake kwatanta shi. Makaniki zai ambaci sunan ƙarfen da ya lalace, mai mota zai rubuta "motata na ƙara idan na taka birki". Da harshen mai mota ake bincike.

Manhajojin kuɗi kan nuna adadin masu neman kowace kalma a wata. Kiyasi ne, a riƙe shi a matsayin kiyasi. Google ya sha faɗin cewa kusan kashi 15 cikin 100 na tambayoyin da yake samu kowace rana bai taɓa ganin irinsu ba. A harsunan da rubutunsu bai yawaita a intanet ba kuwa, manhaja kan nuna sifili a kan tambayar da mutane ke yi kullum. Mai rubutu a irin waɗannan harsunan yana da wata dama babba, domin sau da yawa babu wanda ya riga shi amsa tambayar yadda ya kamata.

Shawarata ga sabon gida ita ce ya bar gajerun kalmomi masu faɗi. Kalma kamar "waya" manyan kamfanoni ne suka mamaye ta, kuma ba ka ma san abin da mai rubuta ta yake so ba. Doguwar tambaya mai ƙayyadadden nufi masu nemanta kaɗan ne, amma ka san buƙatarsu sarai, masu gogayya da kai kuma ba su da yawa. Kada kuma ka buɗe shafi daban ga kowane salon faɗin tambaya ɗaya. "Batir na saurin ƙarewa" da "caji ba ya daɗewa" buƙata ɗaya ce, shafi ɗaya mai kyau ya ishe su. Idan ka raba su, shafukanka ne za su riƙa gogayya da juna.

A cikin shafin

Taken shafi, wanda ke fitowa a sakamako a matsayin layin da ake dannawa, shi ne abin da ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. Ya faɗi abin da ke ciki a fili, da kalmomin da mai nema zai gane, muhimman a farko domin dogon take akan yanke shi. Google kan sake rubuta taken da ya ga bai dace da shafin ba. 'Yan layukan bayanin da ke ƙarƙashin take ba sa ɗaga matsayi, amma suna taimaka wa mutum ya yanke shawarar dannawa.

Cikin rubutun, ka ba da amsa da wuri. Wanda batirinsa ke mutuwa ba ya son sakin layi huɗu kan tarihin wayar hannu kafin a zo kan maganarsa. Ka raba dogon rubutu da kanun da ke faɗin abin da ke ƙarƙashinsu. Kowane hoto ka rubuta masa ɗan bayanin abin da ke cikinsa, wanda makafi masu amfani da manhajar karanta shafi ke dogara da shi, injin kuma yana amfana. Ka haɗa shafukanka da juna, kalmomin mahaɗin kuma su faɗi inda za su kai mutum: "yadda ake gane batir ya tsufa" ya fi "danna nan". Babu wani adadin kalmomi na sirri da rubutu zai kai. Tambayar da amsarta layi goma ce, a ba ta layi goma.

Sai babbar tambaya, wadda babu saitin da zai amsa maka ita: me shafinka ya ƙara a kan waɗanda suka riga shi? Google na ɗaukar dubban mutane a faɗin duniya suna duba ingancin sakamakonsa bisa wani dogon kundin ƙa'idoji da kowa zai iya karantawa. Hukuncinsu ba ya ɗaga wani shafi ko sauke shi kai tsaye, ana amfani da shi ne wajen auna ko tsarin yana aiki. Amma ƙa'idojin na nuna abin da kamfanin ke nema: ƙwarewar marubuci, matsayinsa a fannin, amincin shafin, da kuma abin da aka ƙara a ƙarshen 2022, wato ko marubucin ya taɓa abin da hannunsa. Sun fi tsanantawa a batutuwan lafiya da kuɗi da tsaron rai, inda bayanin kuskure zai iya cutar da mutum. Wannan ya dace, kuma ina ganin ko da babu injin bincike a duniya, bai kamata wanda bai san magani ba ya riƙa rubuta wa marasa lafiya abin da za su sha.

A aikace, ma'anar wannan ita ce ka rubuta abin da ka sani. Hoton da ka ɗauka da kanka, gwajin da ka yi, matsalar da ka ga tana faruwa da yadda aka warware ta, su ne abin da wani ba zai iya kwafa daga shafukan da ke sama ba. Game da rubutun da ƙirƙirarriyar basira ke samarwa, matsayin Google tun 2023 shi ne inganci yake dubawa, ko da me aka rubuta. Sai dai a watan Maris na 2024 ya sanya zubo shafuka barkatai domin kawai a samu matsayi cikin laifukan da yake hukuntawa, mutum ne ya rubuta su ko na'ura.

Mahaɗai daga waje har yanzu suna da nauyi, kuma su ne suka fi wuyar samu. Hanyar da ke ɗorewa ita ce ka samar da abin da wani marubuci zai buƙaci ya kafa hujja da shi, sannan ka sanar da mutanen fannin cewa akwai shi. Saƙonnin da za su riƙa zuwa maka ana tayin mahaɗai ɗari a farashi mai rahusa, ka share su. Ka kuma sani cewa makin darajar gida da ake yawan ambato na kamfanoni ne masu zaman kansu irin su Moz da Ahrefs, kowanne da lissafinsa. Google ba ya amfani da su, makinsa na PageRank kuma ya daina nuna wa jama'a tun 2016.

Batun sauri da waya ba ya buƙatar dogon bayani. Google yanzu fuskar gidanka ta waya yake dubawa wajen ajiyewa da jerawa, don haka abin da ba ya fitowa a waya tamkar babu shi ne. Ma'aunin da ya bayar shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafin ya amsa taɓawa da sauri, rubutu kuma kada ya riƙa tsalle yayin da ake lodi. Manyan hotunan da ba a rage musu nauyi ba su ne suka fi jawo jinkiri a ƙananan gidaje. Adireshinka kuma ya fara da https, wanda ya shiga ma'aunin jerawa tun 2014. Duk waɗannan suna taimakawa, amma shafi mai sauri da bai amsa tambaya ba ba zai wuce wanda ya amsa ta ba.

Yadda ake koyo da hannu

Karatu kaɗai ba ya koyar da wannan fannin. Ka buɗe ƙaramin gida a kan batun da ka sani, ka rubuta shafuka kaɗan masu amsa tambayoyi na gaske, ka yi masa rajista a Google Search Console. Kyauta ne, kuma shi ne wurin da injin da kansa ke gaya maka yadda yake ganin gidanka: waɗanne shafuka ya ajiye, waɗanne ya bari da dalilinsa. Bing ma yana da irinsa.

Rahoton da za ka fi zama a kansa yana nuna lambobi huɗu na tsawon watanni 16 da suka wuce: sau nawa shafinka ya fito a sakamako, sau nawa aka danna shi, kashi nawa na masu gani suka danna, da matsakaicin matsayinsa a jeri. Gwanintar tana wajen karanta su tare. Shafin da ke fitowa da yawa a matsayi mai kyau amma ba a danna shi, takensa ne bai ja hankali ba, ko bai dace da abin da ake nema ba. Shafin da ke zaune a matsayi na goma sha wani abu yana bakin ƙofar shafin farko na sakamako, kuma gyara shi ya fi rubuta sabo riba. Mafi daɗin duka shi ne jerin tambayoyin da suka kawo mutane, domin za ka ga waɗanda ba ka taɓa tunaninsu ba. Idan ana nuna shafinka na batir ga masu tambayar dalilin da waya ke zafi lokacin caji, kuma layi ɗaya kawai ka yi a kai, ka samu batun shafinka na gaba daga bakin masu nema.

Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka rubuta ranar da ka sauya shi. Idan ka gyara take da rubutu da mahaɗai a rana ɗaya, ba za ka san wanda ya yi tasiri ba. Ka kuma yi haƙuri. Jagorar farawa da Google ya wallafa kyauta ta faɗi cewa wani gyaran kan nuna tasiri cikin sa'o'i, wani kuwa sai bayan watanni. Kamfanin kan yi manyan sauye-sauye ga tsarin jerawa sau da dama a shekara, yana kuma sanar da su, don haka idan baƙinka suka ragu kwatsam, ka fara duba ko an yi irin wannan sauyin kafin ka hau rushe abin da ka gina. Duk malami ko ɗan kwangilar da ya yi maka alkawarin matsayi na ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Google da kansa ya ce babu mai iya ba da wannan tabbacin.

Akwai sauyin da mai fara koyo yau ya kamata ya shigo da saninsa. Tun watan Mayu na 2024 Google ya fara sa taƙaitacciyar amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamako, da farko a Amurka, daga baya a ƙasashe da yawa. Mutane kuma na kai tambayoyinsu ga manhajoji irin su ChatGPT. Tambayar da amsarta jimla ɗaya ce, mai yin ta kan samu biyan buƙata ba tare da ya danna kowane shafi ba, kuma gidan da ya dogara da irin waɗannan tambayoyin zai ji a jikinsa. Amma waɗannan amsoshin daga shafukan da aka gano aka kuma ajiye ake haɗa su, sau da yawa da mahaɗi zuwa inda aka samo, don haka matakan nan na ganowa da ajiyewa suna nan daram. Abin da ya sauya shi ne irin shafin da ya cancanci wahalarka: wanda mutum zai buƙaci ya buɗe ya karanta gaba ɗaya, saboda akwai gwaji ko kwatanci ko bayani mataki-mataki da taƙaitawa ba za ta ɗauke ba.

Saboda haka tun daga farko ka yanke abin da kake so baƙo ya yi idan ya iso: ya karanta har ƙarshe, ya yi rajistar samun saƙonninka, ya tuntuɓe ka, ko ya sayi abu. Ka riƙa auna wannan tare da yawan masu zuwa. Shafin da ke kawo mutum hamsin a wata, goma daga ciki su tuntuɓe ka, ya fi mai kawo dubu biyar da ke juyawa daga layin farko amfani, kuma shi ya kamata ka fara ƙarfafawa da mahaɗai daga sauran shafukanka.